Amsa Kan Zaɓen Allon Majigi da Fitilun Ɗakin Kallo a Gida

Mai tambaya ya ce yana da ɗaki mai tsawon mita 5.5 da faɗin mita 4 da yake son ya mayar ɗakin kallo. Bango da silin duk farin fenti ne, akwai taga ɗaya a gefe, kuma kujeru za su zauna kimanin mita 4 daga bangon gaba. Yana son ya san ko allo mai inci 150 zai yi masa, ko fari ya kamata ya saya ko ruwan toka, da kuma irin fitilun da suka dace da ɗakin. Amsata ita ce inci 120 ya fi dacewa da wannan ɗaki, sannan kada ka sayi allo tukuna sai ka gama da fenti da labule da fitilu, domin yadda ɗakin ya kasance bayan an gama waɗannan shi zai nuna maka irin allon da kake bukata.

Dalilin da ya sa na fara da ɗaki shi ne, na'urar majigi haske kawai take iya harbawa, ba ta da hanyar harba duhu. Duk inda ka ga baƙi a cikin hoto, wuri ne da na'urar ta hana wa haske, watau abin da idonka yake gani a wurin shi ne fuskar allon kanta a cikin hasken da ke yawo a ɗakin. Idan ɗakin da haske, baƙin zai koma toka-toka, kuma babu tsadar na'urar da za ta hana hakan. Lissafi zai fi fito da maganar fili. Ƙa'idar da gidajen sinima na zamani suke bi, wadda ƙungiyar DCI ta manyan kamfanonin fim na Amurka ta shimfiɗa, ta tanadi farin hoto ya kai nit 48 a tsakiyar allo (nit shi ne ma'aunin hasken da ke tasowa daga fuskar allo zuwa ido). Luks kuwa shi ne ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu, kuma luks ɗaya na hasken ɗaki idan ya sauka a kan farin allo yana komowa ido da kusan sulusin nit. To, a ce wata ƙaramar fitila a gefe tana zuba luks 10 a kan allon, wanda haske ne da mutum zai kira dishi-dishi, baƙinka ya tashi zuwa sama da nit 3 ke nan, tazarar da ke tsakanin fari da baƙi ta faɗo zuwa wajen 16 bisa 1, alhali na'urar da ka saya tana iya ba da dubbai bisa ɗaya a cikin duhu. Kamar haska tocila ne da rana: tocilar lafiyarta ƙalau, wurin ne bai ba ta dama ba.

Akwai kuma hasken da mutane suka fi mantawa da shi, wato na hoton kansa. Ko ka kashe kowace fitila ka toshe taga, hasken da ya bar allo yana dukan farin silin da fararen bangon gefe, ya dawo ya kwanta a kan allon. Ka gwada wannan da kanka: ka sa hoton dare wanda yake da wata ko wata fitila mai haske a gefe ɗaya, ka ɗaga kai ka dubi silin. Za ka ga ya yi fari fat a daidai saman allon, kuma sassan hoton da ya kamata su yi duhu sun yi kamar an shafa musu hazo. Saboda haka aikin farko shi ne fenti mai duhu marar sheƙi, kuma silin ne ya fi bukatarsa domin shi ya fi kusa da saman allo kuma ya fi faɗi. Idan mutanen gida ba za su yarda a mayar da ɗaki baƙi ƙirin ba, abin da ba na ganin laifinsu a kai, to a duhunta bangon gaba gaba ɗaya da kimanin mita ɗaya da rabi na silin da bangon gefe da ke maƙwabtaka da allon, a bar sauran da ruwan toka mai ɗan duhu. A guji ja ko kore ko shuɗi mai ƙarfi a kusa da allo, domin launin zai dawo cikin hoto ya ɓata fatar mutane. Idan ƙasan tayil ne mai sheƙi, a shimfiɗa kafet mai duhu daga gindin allo zuwa kujeru. Ita kuwa tagar, labule mai kauri wanda ba ya bari haske ya ratsa ake sa mata, ya zarce bakin tagar ta kowane gefe, domin ta gefe da ta sama haske yake sulalowa.

Sai batun girma. Inci da ake ambata wa allo awon kusurwa zuwa kusurwa ne, don haka a tsarin 16:9, wato faɗi kashi 16 tsayi kashi 9, allo mai inci 100 faɗinsa santimita 221 ne, mai inci 120 faɗinsa 266 da tsayi 149, mai inci 150 kuwa faɗinsa 332 da tsayi 187. Abin da ake dubawa shi ne yawan filin da hoton yake ci a gaban idon mai kallo. Ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta SMPTE ta ba da shawarar kada ya gaza digiri 30, kamfanin THX kuma yana ba da shawarar 36 zuwa 40. Daga nisan mita 4 da ka ambata, inci 100 yana ba da kusan digiri 31, inci 120 kusan 37, inci 150 kuma kusan 45. Digiri 45 ba haramun ba ne, akwai masu son zama a layin gaba idan sun shiga sinima, amma a ɗakinka yana zuwa da matsaloli biyu. Ta farko, faɗin ɗakin mita 4 ne, idan allo ya cinye 3.32 abin da zai rage a kowane gefe santimita 34 ne kacal, babu wurin ajiye lasifika yadda ya kamata, kuma bakin hoton yana dab da bango inda haske zai riƙa dawowa da ƙarfi.

Ta biyu ita ce haske, kuma ita ta fi nauyi. Hasken da na'ura take fitarwa ƙayyadadde ne, allo kuwa yana raba shi ne a kan faɗinsa, don haka duk girman da ka ƙara daga hasken kake biya. Lissafin shi ne ka ɗauki lumen ɗin na'urar, wato ma'aunin yawan hasken da take fitarwa, ka raba da girman fuskar allo (faɗi sau tsayi) a murabba'in mita, ka sake rabawa da 3.14, abin da ya fito shi ne nit a kan farin allo na yau da kullum. Fuskar inci 120 kusan murabba'in mita 4 ce, ta inci 150 kuwa 6.2. Kada ka yi lissafin da lambar da aka buga a jikin kwali, domin ana auna ta ne a yanayin da ya fi kowane haske, wanda galibi yake karkata zuwa kore har ba ya kalluwa. Ni idan ina lissafi rabin lambar nake ɗauka, domin in bar wa gyaran launi da tsufan fitila wuri. Na'urar da aka rubuta wa lumen 2,000 sai in lissafa ta a 1,000, wanda zai ba da kusan nit 80 a kan inci 120, da kusan 51 a kan inci 150. Wannan 51 ɗin yana bakin ƙa'idar sinima ne tun ranar farko, kuma idan na'urar mai ƙwan fitila ce haskenta raguwa zai riƙa yi da yawan awoyin aiki har ya faɗo ƙasa da ƙa'idar. Na'urori masu amfani da hasken lesa a maimakon ƙwan fitila sun fi jinkirin dusashewa, ana ba su wajen awa 20,000, amma su ma suna raguwa. Ga kuma fina-finan HDR, wato tsarin hoto mai faɗaɗa tazara tsakanin haske da duhu, da suke son rarar haske, domin ko ɗakunan Dolby Cinema nit 108 suke kaiwa. Hoto mai inci 120 mai rai ya fi mai inci 150 da ya yi laushi daɗin kallo nesa ba kusa ba.

Tsayin da za a rataye shi ba ya bukatar dogon bayani. Idon wanda yake zaune yana wajen mita 1.1 daga ƙasa, kuma ana so ya yi daidai da ƙarshen sulusin allo na ƙasa. A inci 120 wannan yana nufin gindin hoton ya tashi kimanin santimita 60 daga ƙasa, samansa ya tsaya wajen mita 2.1, ta yadda mai kallo ba zai ɗaga ido sama da digiri 15 ba. Allon da aka kai can kusa da silin wuya yake gajiyarwa.

Kafin ka tsayar da girman, ka duba takardar na'urarka ka ga lambar nisan harbi, wadda ake samu ta hanyar raba nisan na'ura daga allo da faɗin hoto. Idan lambar 1.5 ce, cika faɗin santimita 266 yana bukatar na'urar ta tsaya kusan mita 4 daga allo, wato daidai saman kan masu kallo, inda za su riƙa jin ƙarar fankarta. Idan tana da zuƙowa mai yalwa gara a matsar da ita baya kaɗan. A daidaita ta tsaf da tsakiyar allo, idan kuma ba ta zauna daidai ba a yi amfani da maɓallin da yake gusar da idon na'urar sama ko ƙasa ko gefe. Gyaran karkata da ake yi ta cikin manhajar na'urar matse hoton yake yi, yana zubar da wasu ɗigogin hoto, kuma yana barin wani ɗan haske mai siffar karkatacciyar kusurwa a kewayen allo. A bar shi sai in babu makawa.

Game da siffar allo, 16:9 nake ba ka shawara, domin ita ce siffar shirye-shiryen talabijin da wasanni da mafi yawan abin da ake kallo ta intanet. Fina-finai da dama a siffar 2.39:1 suke zuwa, wadda ta samo asali daga tsarin CinemaScope na 1953, kuma a kan allonka za su bar baƙin layi na kimanin santimita 19 a sama da ƙasa. A ɗaki mai duhu sosai ba su cika damun ido ba. Allo mai siffar 2.39:1 yana da kyau ga wanda fim kawai yake kallo kuma na'urarsa tana iya tuna matsayin idonta ta sauya da kanta, in ba haka ba wahala ce kullum.

Yanzu ga tambayarka ta fari ko ruwan toka. Kowane allo yana da lambar ƙarfin maido da haske, wadda masu ƙerawa suke rubutawa da sunan gain. Lamba 1.0 tana nufin farar fuska marar sheƙi da take watsa haske daidai wa daida ta kowace fuska. Allo ba ya ƙirƙirar haske, don haka idan ka ga 1.5 ko 2.0, abin da aka yi shi ne an tattaro hasken da zai tafi gefe an tura shi tsakiya. Wanda ya zauna a tsakiya zai ga hoto ya ƙara haske, na gefe zai ga ya dushe, kuma sau da yawa tsakiyar hoton takan fi kusurwoyinsa haske har ido ya lura. A ɗakin da aka duhunta, farin allo mai 1.0 zuwa 1.3 shi ne zaɓina, domin launinsa ya fi gaskiya, haskensa ya fi daidaito, kuma shi ya fi sauƙin samu mai kyau.

Allon ruwan toka mai wajen 0.8 yana rage baƙi da fari ne tare, kowanne da kashi ɗaya cikin biyar, don haka ba ya ƙara wa na'ura komai a cikin cikakken duhu. Amfaninsa yana fitowa ne a ɗakin da bango ya kasance mai haske, domin yana rage hasken da yake fita zuwa bango, ya kuma sake rage wanda ya dawo. Idan fentin ɗakin ba zai sauya ba, kuma na'urarka tana da rarar haske, ruwan toka ya fi maka fari. Idan za ka yi fentin, ba ka bukatarsa.

Nau'i na uku shi ne allon da yake kore hasken gefe, wanda ake sayarwa da sunan ALR. Fuskarsa an gina ta ne yadda za ta karɓi hasken da ya zo daga inda na'ura take ta tura wa mai kallo, ta shanye ko ta kautar da wanda ya zo daga sama ko gefe. A falo inda ake kallo da fitila a kunne yana aiki ƙwarai, amma yana da sharuɗɗa. Ba ya iya bambance hasken na'ura da na taga ko fitilar da take bayan na'urar, domin ta hanya ɗaya suke zuwa. Kuma iri biyu ne da ba a musanya su: wanda aka yi wa na'urar da take nesa, da wanda aka yi wa na'urar da ake ajiyewa a gindin bango tana harbawa sama. Wannan na biyun yana da ƙananan tsagogi a kwance da suke karɓar haske daga ƙasa su toshe na sama, don haka idan ka haɗa shi da na'urar da aka rataye a silin, hasken na'urar ne da kansa zai toshe. Wasu daga cikinsu suna nuna ƙyalƙyali kamar yashi a wurare masu haske, musamman tare da na'urar lesa mai launi uku. A ɗakin da aka keɓe don kallo kamar naka, kuɗin da za a kashe a kansa gara a kashe a fenti da labule.

Ta fuskar gini, allo mai kafaffen firam da aka ɗame yadinsa ta kowane gefe ya fi duka, muddin bangon ba shi da wani aiki. Ya fi shimfiɗuwa, ba shi da injin da zai lalace, kuma baƙin karammiskin da ke kewaye da shi yana shanye ɗan hasken da ya zarce baki, yana sa hoto ya fito tsaf. Wanda ake ja da hannu daga sama yakan yi lanƙwasa a gefe da ƙananan tuddai bayan an jima ana amfani da shi, kuma za ka gan su duk lokacin da kyamara ta yi tafiya a kwance. Idan dole sai mai naɗewa, a nemi wanda yake da igiya a gefe biyu tana ɗame shi. Akwai kuma allon da sauti yake ratsawa, saƙaƙƙe ko mai ƙananan huji, wanda yake ba da damar a ɓoye lasifikar tsakiya a bayansa yadda murya za ta fito daga bakin mai magana kamar a sinima. Yana cin ɗan haske, yana bukatar baƙin yadi a bayansa da sarari na lasifika, kuma daga mita 4 saƙaƙƙe mai laushin saƙa ya fi mai huji ɓoyuwa ga ido. Idan ba za ka iya ba da wannan sarari daga tsawon ɗakin ba, ka ajiye lasifikar a ƙarƙashin allo ka ɗan ɗaga fuskarta zuwa kunne.

Fitilu kuwa, ƙa'idarsu ita ce kada ko ɗaya ta ga fuskar allo, kuma kada idon mai kallo ya ga ƙwan ko ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora duk fitilun ɗaki a kan makunni ɗaya. Ɗakin kallo yana da yanayi uku, kuma kowanne da layinsa. Akwai hasken shara da gyara, mai ƙarfi, wanda ba a kunna shi lokacin kallo, kuma ɗaki mai duhun fenti yana bukatarsa fiye da yadda ake zato domin bangon yana shanye haske. Akwai hasken shiga da zama da hira kafin a fara, wanda fitilun bangon gefe masu haska sama da ƙasa suke bayarwa, a kan makunni mai rage haske. Sai kuma wanda za a iya bari a kunne ana kallo, kuma a nan ne ake bukatar kula. Fitilun silin da suka nutse ciki sosai, masu baƙin baki da siririn haske, a sa su daidai saman kujeru ko ɗan bayansu, yadda hasken zai sauka a cinya da hannun kujera kawai. Kada a sa irinsu a cikin mita ɗaya da rabi na gaban allo, in kuma an riga an sa, a raba musu makunni. Don hanyar wucewa, ƙananan fitilu a gindin bango masu murfi a sama, suna kallon ƙasa, sun isa mutum ya ga inda zai taka.

Launin fitilun ya kasance mai ɗumi, wajen Kelbin 2700 a ma'aunin launin haske, domin ya fi sauƙi ga idon da ya saba da duhu. Ka lura cewa ba kowane ƙwan LED ne yake karɓar ragi ba, kuma ko wanda yake karɓa, idan bai dace da makunnin ba yakan yi ƙyafta-ƙyafta ko ƙugi, ko ya mutu ɗif tun bai yi ƙasa sosai ba. A ɗakin kallo kuwa can ƙasan ne ake aiki da shi. Ka sayi ƙwai ɗaya da makunni ɗaya ka gwada su da dare har zuwa ƙarshen ragi kafin ka sayi sauran, kuma ka tabbatar ana iya sarrafa su daga wurin zama. Za ka ji ana yabon sa fitila a bayan allo don hutar da ido. Wannan dabarar talabijin ce, inda ake sa farin haske mai Kelbin 6500 a bayan akwatin da yake fitar da nasa hasken mai ƙarfi. A ɗakin majigi hasken zai zaga ya dawo kan allo. Haka ma zaren fitilu masu sauya launi da ake zagaye allo da su: suna da kyau a hoto, amma a kashe su idan fim ya fara. Kada a raina ƙananan fitilun da ke jikin amfilifaya da na'urar sanyaya ɗaki da soket, da hasken da yake shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, domin a cikin duhu shuɗin ɗigo ɗaya ya isa ya riƙa jan ido. Baƙin salatif da abin toshe ƙasan ƙofa sun wadatar.

Idan an gama duk wannan, gani ya kori ji. Ka kafa na'urar a inda za ta zauna, ka manna takarda ko farin yadi a bangon gaba, ka shata inci 120 da salatif, ka yi 'yan kwanaki kana kallon irin abubuwan da ka saba kallo, har da masu rubutun fassara a ƙasa, domin su ne suke tona asirin allon da ya yi wa ido girma. Ka gwada 110 da 130 ma ta hanyar zuƙowa. Sannan ka kashe na'urar, ka bar fitilun kallo a yadda za su kasance, ka zauna minti biyar idonka ya saba, ka je ka miƙa tafin hannunka kusa da takardar ko yadin da ka manna a madadin allo. Idan ka ga inuwar hannunka, akwai hasken da yake isowa wurin, kuma ɓangaren da inuwar ta faɗi zai nuna maka daga inda yake zuwa. Masu ƙera allo da yawa suna ba da ƙananan yankuna na yadinsu don gwaji. Ka nemi fari da ruwan toka, ka manna su a tsakiyar hoton da kuma kusurwarsa, ka dube su daga kujerar tsakiya da ta can gefe, a hoton rana da na dare, kafin ka ba da odar girman da ka tsayar.